Na yi ta tambayar Baba

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun damina kuna rubuto mini ban amsa ba. Ba wulaƙanci ba ne, ina karantawa, kafin in taɓa waya na manta.

Na faɗi da moton da nake kabu-kabu da shi cikin rairayin hanyar Sukukutane, babu kaski, wato hular kwano, a kaina. Na tashi na kaɗe riga, har dariya na yi.

Kwana kaɗan, fasinja ya hau, muna tsakiyar Dogon Dutsi na tsaya. Ina za mu? Wallahi ban sani ba. A gida in ci tuwo in sake cewa matata Rabi ta kawo abinci. Ga amai, ga ciwon kai.

Sauran duk ba ni labari aka yi. Wai an kai ni Yamai, an yi sikane, wato hoton kai, aka ga jini ya taru a ciki, an yi aiki. Yayana ya sayar da sansa na noma ya biya asibiti. Ni dai farin silin nake tunawa, da tsoro.

Lokotoron da ya yi mini aiki ya ce, "Duk abin da ka ji, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke kunnuwa bi da bi su riƙe shi kafin a adana. Naka suna mutuwa a hanya, kamar garwashin da aka ɗebo maƙwabta." Rabi ta ce kullum sai ya maimaita, ni kuwa kullum sabo nake ji.

Ina kwance Baba ya rasu.

Kowace safiya sai in ce, "Baba bai zo ba?" Su faɗa mini, in yi kuka kamar raina zai fita. La'asar in sake tambaya. Inna ta ce, "Ku bar kashe yaron nan, ku ce ya tahi gona." Yaya ya ce ƙarya haramun ce. Har yau ban san wa ke da gaskiya ba.

Na gode wa Allah, na gode muku. Don Allah ku sa kaski. In naku ya bugu a kai yana maimaita tambaya, kada ku yi masa tsawa, ku kai shi asibiti.

Kuna tambaya yaushe na warke. Wata safiya na farka ina hawaye, babu wanda ya gaya mini komai. Na ce, "Rabi, Baba ya rasu."

Ta durƙusa tana kuka tana cewa, "Alhamdulillahi, Baban Hadiza, ka riƙe!"