Gurbin Kunkuru a Bakin Rijiya

Matso kusa, 'yar uwa, ki ji abin da ya hana ni sakat watan nan, har ya tuno mini da Kaka Hajo.

Ɗiyata Nana na da ɗan butik na buga takardu a zauren gidanmu, nan Magarya. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka maido, sai kwamfutarta ta nemi injin bugawar ta rasa, alhali ga shi zaune gabanta kamar tukunya. Mutane su gaji da tsayuwa su yi gaba. Babanta ya ce in aka sake haka lokacin dosiyen 'yan lekol, wato sa'ad da 'yan makaranta ke haɗa takardunsu, zai ba tela zauren. Ita kuka, shi tsaki, ni a tsakiya.

Muna yara a Yekuwa, in an idar da lisha lokacin ɗari, Kaka kan hura wuta da karan gero ta tura gyaɗa cikin toka. "Ku matso, ja'irai, ga ta nan ta iso. Mai gyangyaɗi in cinye rabonsa."

Wai wata rijiya ce mai guraben tsayawa, Sarkin Rijiya na raba su kowace safiya. Ka zo, a nuna maka inda babu kowa. Ba faɗa, ba wahala, sai dai yau kana gabas gobe kana yamma, ɗanka ya kawo maka fura ya yi ta yawo bai gan ka ba. Raƙumi ya ce shi ya wuce wannan. Ya zaɓi gurbin gabas da kansa, bai gaya wa kowa ba, ko Sarki na barci shi ya sha ruwansa. Ran nan Sarki, da yake bai sani ba, ya ba Jaki wurin. Suka yi ta turereniya har guga ya faɗa rijiya, ranar ba wanda ya sha. Kunkuru kuwa lallaɓawa ya yi ya ce, "Ranka ya daɗe, a riƙe mini na gindin kuka." Kullum ya zo ya gaida Sarki, kullum nan ake ba shi.

"Kunkuru ne mai wayo," muka ce.

"Wayo? Da Sarkin ya mutu, sabon ya ce bai san zancen ba."

"To wa ya yi daidai, Kaka?"

"Ku tashi ku kwanta, kun ƙarar mini da gyaɗa."

Na daɗe ina jin haushin amsar nan.

To Nana, da ta gaji, sai ta sa wa injin lambar da kwamfuta ke nemansa da ita da hannunta, ta ce daga yau ba ta canzawa. Aiki ya tafi sumul. Sai ranar da 'yan lekol suka cika ƙofa, inji ya tsaya cik. Aka kira Malam Sani mai gyara, ni ina bakin labule ina ji.

"Akwatin wifi ɗin nan shi ke raba wa kowa lamba," in ji shi. "Ke kin ɗauki ɗaya ba ki sanar da shi ba, ya ba wata waya. Ga su nan suna kokawa."

"Wayar wa?" in ji babanta, yana huci.

Malam Sani ya duba, ya sosa ƙeya. "Taka ce, Alhaji."

Na toshe baki da gyale. Ban ce Jaki ba, Allah ya gani, amma na tuna.

Malam Sani ya gaya wa akwatin ya riƙe wa injin lamba ɗaya, kar ya ba kowa. Aka sallami yaran, zancen tela ya mutu. Har na fara hamdala sai ya ƙara da cewa, "Amma fa Hajiya, in akwatin ya ƙone aka sayo sabo, bai san alkawarin ba. Sai an sake."

Ashe Kaka ba rowar amsa ta yi mana ba, babu ce. Ka bari a raba maka, a neme ka a rasa. Ka kama da kanka, ka yi karo da wani. A riƙe maka, ka zauna kana addu'ar Sarki ya daɗe. Yanzu hadari na tasowa, kafin in kwashe shanya sai na ruga na zare akwatin nan daga wuta kar tsawa ta ƙona shi, da tsufana.

Ke da ke ce, a wane gurbin za ki tsaya?