Gero Mai Toka

A gidanmu na Nahuce, can wajen Bungudu, akwai rumbu guda da ba a taɓawa komai tsananin yunwa. Na iri ne. Bayan girbi Baba yakan zaɓi zangarniya masu kauri, a sussuka, ya cuɗa geron da toka saboda ƙwari. In ruwan shuka ya sauka, duk wanda yunwar bazara ta sa ya cinye irinsa sai ya zo da ƙwarya. Baba ba ya tambayar dalili. Yakan ce mana, ni da yayana, "Iri ba na sayarwa ba ne. Gonar maƙwabci in ta kwana ba shuka, kunyar tamu ce."

Da ya rasu, yayana ya gaji gida da girman unguwa. Ni kuwa ina Gusau, daga awon tiya har na kai ga sayen hatsi da mota. Duk shekara nakan ware gero mai kyau, in cuɗa shi da toka, in aika masa ya raba. Shi ake sa wa albarka. Ban damu ba, ai shi ne babba.

Bara, kwana biyu da saukar ruwa, na shiga kasuwar Tsafe neman kaya. Ɗan kasuwa ba ya yarda da bakin buhu, don haka na zura hannu can ciki. Ya fito furu-furu da toka. Na duba ɗinkin bakin buhun, nawa ne.

"Malam, ina ka samo wannan?"

"Wani dattijo ne daga wajen Bungudu. Da kaɗan-kaɗan yake kawowa, bana ya cika mini rumfa. Mutumin kirki, ba ya jan ciniki."

"Ina zai ja," na ce, "ba shi ya sha rana ba."

Na sake sayen gerona, na ɗora a mota. Damuwata ƙasa kada ta bushe kafin mutane su shuka.

Da la'asar na iske mutanen unguwa zaune a ƙofar gidanmu, ƙore a kife. Yayana yana ba ni baya, na ji yana cewa, "Ku yi haƙuri. Birni ya cinye ƙanen nan nawa, bana ko tiya bai aiko ba."

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi.

"Yaya, ga saƙon. Mota ce ta ɓata hanya, ta bi ta Tsafe."

Ya dubi buhunan, bai dube ni ba. "Sannu da hanya," ya ce.

Ban tona masa asiri ba, Baba bai koya mana haka ba. Da hannuna na auna wa kowa, washegari suka yi shuka.

Bana ma ni na kai, ni na raba. Yayana ya aiko a kira ni cin tuwo a akushin da muka tashi muna ci tare. Na ce a gaya masa na ƙoshi.