Sarkin Pawa Mai Kallon Ƙofa

Ina shekara ta uku a Sabha ina kwaɓa siminti, saƙo ya shigo salulata daga wani tsohon abokina na Damagaram. Tare muka yi wasan kwaikwayo muna samari. Shi ya zama mai shirya fim, ni na zama lebura. Ya ce yana neman wanda zai fito a sarkin pawa, mutum mai tsawa, wanda in ya yi magana kasuwa ke yin tsit. In ɗauki kaina a bidiyo in aika kafin Asabar. Tun daga ranar zama ya gagare ni. Abin da nake so shi ne in koma gida da mutuncina, a ce aiki ne ya kira ni, ba Libiya ce ta tofar da ni ba.

Juma'a kaɗai muke hutu. Bayan masallaci na roƙi abokin ɗakina a unguwar Hajara, wani Bakano mai aikin tayil, ya riƙe min salula. Da farko na ba taga baya, na fito baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani. Muka juya, sai ya riƙe salular a tsaye ya yanke min hannuwa, alhali sarkin pawa da hannu yake faɗa. Muna gyara wannan janareton maƙwabta ya tashi ya cinye maganar. Na zagi tagar, na zagi janareton, na fita na dawo.

"Malam, ka tsaya wuri ɗaya mana," in ji Bakanon. "Sai ka ce kaza mai neman wurin ƙwai. Kuma ka daina kallon kanka kana gyara hula, ba ango ba ne kai."

Daga ƙarshe na zaɓi ɗaya na aika, ina jin na ƙure iyawa. Ranar Asabar sau biyu ina cika wa kwaɓi ruwa, mudir, wato mai ginin, yana ta faɗa, ni kuwa hankalina na aljihu.

Da la'asar abokina ya turo murya. "Haske ya yi, sauti ya yi. Amma sarkin pawa ba ya raɗa. Kuma me ke bakin ƙofar nan da kake ta kallo?"

Na zauna kan bulo na sake kunna bidiyon. Gaskiyarsa. Duk motar da ta wuce a layi sai idona ya zabura zuwa ƙofa, maganar ta tsinke, kafaɗa ta sauka. Tsawar da na zaci na yi ko ɗakin ba ta cika ba. Haka muke magana a nan, mu marasa takarda, ƙasa-ƙasa, kunne na kan titi. Ni da na taɓa cika filin makaranta da murya ba lasifika! Bakanon ma bai lura ba, don shi ma ƙofar yake kallo.

Sai ga saƙo na biyu. "Kada ka damu, na samo maka wani. Akwai ɓarawon akuya da zai ɓuya a rumfa, minti biyu ne. Wannan tsoron da ka kwaikwaya ya yi kyau ƙwarai, ban san ka iya shi haka ba. Ka taho."

Kunya ta rufe ni, har na kasa ɗaga kai daga salular. Mudir ya ƙwala min kira, na miƙe da sauri kamar kullum. Kafin in ɗauki shebur na rubuta wa abokina cewa na gode, ai shekara uku ke nan ina koyon tsoron nan.