Ƙwaryar Habsu a Bayan Ƙofa

Cikin shekarun da na yi ina koya wa mata girkin yara a wata ƙaramar likita, wato asibiti, ta karkarar Madarumfa, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka shigo aikin nan bana, gara ku ji ta daga bakina.

Ga yadda aikin yake. Kowace Laraba mata na kawo yara a auna musu damtse da ma'auni mai launi, don a gane masu tamowa. Wanda awonsa ya faɗa ja, majo ne ke karɓarsa, wato shugaban likitar. Wanda ya faɗa rawaya, nawa ne. In tara iyayensu mata a inuwar bedi, wato dogon yaro, in hura wuta, mu dafa abu ɗaya tare, kowace ta ba ɗanta, ta koma gida ta maimaita.

Da ruwan farko ya sauka a shekarar, ni da bakina na ce kowace ta shuka wani abu a bayan ɗaki, wadda nata ya fara yi ta kawo mu dafa. Duk suka ce to, irin to ɗin nan da kuka sani. Habsu kaɗai ta riƙe maganar. Daga wani ƙauye na wajen Gabi take zuwa a ƙasa, goye da 'yarta Nana, wadda ta yi wata biyu tana rawaya.

Tsakiyar damina, gero bai nuna ba, rumbuna sun yi ƙasa, sai majo ya kira ni ranar Litinin.

"Jibi shugaba za ta zo daga Maradi duba aiki. Ki bi takardar girki sak, ban son surutu."

Takardar kuwa karoti da shu ta ce, wato kabeji, kayan lambun sanyi da ba mai su a gida da damina. Sai da na aika Maradi aka nemo mini. Na wanke su, na jera a kan tire, har ni kaina suka burge ni.

Ranar Laraba Habsu ta riga kowa zuwa, da ƙwarya a ka rufe da faifai. Ta sauke ta buɗe: kuɓewa 'yan ƙanana kamar yatsu, rama, yakuwa, ɗanyen wake da 'yar kabewa guda.

"Madam, ga abin da kinka ce. Tsinkar hwari ce, ko mu ba mu taɓa ba. Matan garinmu na ta yi mani dariya, wai mutanen likita na cin rama? Na ce su bari su gani."

A wajensu ba a fara cin tsinkar fari a gida. Wanda ake ganin girmansa ake kai wa, don shukar ta yi albarka. Na san haka sarai, uwata ma haka take yi, don haka ba zan fake da rashin sani ba. Amma daidai lokacin na ji ƙarar motar shugaba.

"Aje ta bayan ƙofa, Habsu, ina zuwa."

Muka dafa faten karoti da shu. Shugaba ta ɗanɗana, ta yaba, ta rubuta mini yabo a rapor, wato rahotonta. Habsu tana gefe tana ba Nana, matan ƙauyensu uku na zaune kusa da ita suna kallon tukunya, suna kallonta. Na gan su, na kau da kai.

Bayan azahar mota ta tafi, ni kuwa kaina ya kumbura. Habsu ta ɗauko ƙwaryar, ganyen duk ya yi yaushi. Na ce, a zatona kirki nake yi:

"Ki tafi da ita ki dafa wa Nana, ai ta fi ni buƙata."

Ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Madam, ko akuya ki zuba ma, in koma da ƙwaryata wayam. Kar su gan ni da ita cike."

Na yi dariya, wallahi dariya na yi. Majo na kirana in sa hannu a rajista, na ce mata ina zuwa, karo na biyu. Da na fito ta yi nisa, ƙwarya a ka, matan nan uku na biye da ita.

Laraba biyu ba ta zo ba, sai na hau moto, wato babur, na je ƙauyensu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta zaga bayan ɗaki ta tsinko kuɓewa, ta yanka, ta sa daddawa da gishiri da ɗan barkono. Kafin in gama gaisawa da surukarta miya ta nuna, ta kawo da tuwon dawa. Na ci ina jin kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na ba ta haƙuri.

"Ba komi, Madam, ya wuce."

"To, ki kawo Nana Laraba."

"In Allah ya so."

Ba ta sake zuwa ba. Bayan girbi aka yi mini canjin wurin aiki, har yau ban san ko Nana ta fita daga rawaya ba, kuma abin na damuna.

Abin da zan gaya muku shi ne, matan nan ba ganye kawai suke kawo mana ba, da mutuncinsu suke zuwa a gaban 'yan garinsu. In mace ta kawo abin da ta shuka, ku sa shi a tukunya a kan idonta, ko gwamna ne ke tsaye. Shugaba za ta iya rage muku maki, ta dawo bayan wata uku ta ƙara. Uwar da aka kunyata ba ta dawowa.

A rajistarmu akwai gurbin da ake rubuta dalilin da ya sa aka daina kawo yaro. Ƙarshen wancan watan majo ya turo mini ita in cike na Nana. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta: nisan hanya.