Turaren Juma'a a Jikin Jitar Baba

Babanmu yana da jita, kuma a duk Gwaram ban san wani direban bas mai ita ba sai shi. Tun yana saurayi ya saye ta a Kano, a hannun wani makaɗi da ya ajiye sana'a, kuma ko a lokacin ma ta kwana biyu a duniya. Launinta kamar na zuma. An shafe ta da man ƙyallin nan da kafintoci ke kira banish, shafi ɗan siriri, har kana hango zanen itacen a ƙarƙashinsa.

Ban taɓa jin ya kaɗa ta sosai ba. Ya ce tunda ya je Makka aka fara ce masa Alhaji, bai kamata a ji tsirkiya na tashi a gidansa ba. Amma gogewa kam, ba fashi. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya ajiye mota, ya wanke hannu, ya sauko da ita daga bango. Tsumman gogewar kuwa ba kowane ƙyalle ba ne, sai tsohon zanin Inna wanda wanki ya gama cinye ƙarfinsa. Ya kan kai bakinsa kusa, ya huce ta a hankali, ya bi hucin da tsumma yana kewayawa. Dokokinsa mun haddace su kamar karatun allo: ba ruwa, ba mai, ba sabulu, ba a barinta a rana. Wanda ya taɓa ta da hannun miya kuwa, ranar zai san Baba yana da murya.

Inna ba ta rasa abin faɗa. "Alhaji, da motar da ke ciyar da mu kake gogewa haka, ai da fasinja sun riƙa duba fuskarsu a jikinta."

"Mota ta jama'a ce," in ji shi, ko ɗagowa ba ya yi.

Akwai wuri guda a gefen sama da ba ya ƙyalli. Nan ne hannunsa ke kwanciya a shekarun da yake kiɗa, gumi ya cinye man, itacen ya yi duhu. Na taɓa tambayarsa me ya hana a gyara wurin. Ya ce, "Ke kuma! Ai nan ne kaɗai nawa. Sauran duk aikin wanda ya ƙera ta ne."

Ita ma Inna tana da nata aikin na Juma'a. Kafin ya fita masallaci sai ta tsayar da shi a ƙofar ɗaki ta fesa wa babbar rigarsa turare, gaba da baya. A wurinta abin da kake ƙauna turare ake sa masa, ko baƙo ne ko rigar miji. A cikin dokokin Baba turare ne kawai bai ambata ba, don bai taɓa kawo shi a ransa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya nuna mata bango ya ce ta kula masa da ita. Bayan rasuwarsa na koma Birnin Kudu inda nake koyarwa, na bar Inna cikin takaba. Wata Asabar na hau bas na zo duba ta, na tarar da ita zaune da jitar a cinya, ido ya kumbura.

Ashe jiya Juma'a ta ɗauko kwalbar turarensa kamar yadda ta saba, sai ta ga babu rigar da za ta fesa wa. Ta sauko da jitar ta fesa mata. Nan take ƙyallin ya yi fari, ya narke, ya yi danƙo. Cikin ruɗewa ta sa babban yatsanta ta danna don ta share. Da wurin ya bushe, sai ga zanen yatsan ya zauna daram, layi-layi, kusa da gurbin hannun Baba.

"Shekara da shekaru yana tattalinta," ta ce, "ni ko takaba ban fita ba na ɓata masa amana."

Na yi rarrashi har na gaji. Abinci ma sai da faɗa take ci. Ta ce ba za ta samu sukuni ba sai an share tabon nan, ko nawa ne. Na naɗe jitar a zani na kai wa wani kafinta a Birnin Kudu, wanda ake yabon hannunsa wajen feshin kujeru. Ya juya ta, ya shinshina, ya yi dariya.

"Malama, turare aka sa mata? Ai shi ne maganin irin wannan tsohon man. Ba a yi masa faci. Sai dai a kankare fuskar duka da samfefa a sake feshi. Za ta fito sabuwa fil."

Na nuna masa wurin da ya yi duhu. "Har da nan?"

"Ai nan za a fara kankarewa."

Ban bar masa ita ba. Na mayar da ita Gwaram na gaya wa Inna yadda muka yi: in yatsanta zai tafi, da hannun Baba za su tafi tare. Sai ta karɓi jitar, ta ɗora hannunta a kan gurbin nan, ita da ba ta taɓa riƙe ta irin riƙon makaɗa ba.

"Bar ta," ta ce. "A yi ta ganin wautata. Shi dai kada a goge min shi."

Daga ranar ta koyi huci da tsumma, ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare. Ita ma yanzu ta bi shi, Allah ya jiƙansu. Jitar tana ɗakina, kuma ni na gaji aikin Juma'ar, da wani tsohon zaninta da na ƙi bayarwa ranar rabon kaya. Ina goge ko'ina, in na zo wuraren nan biyu sai in ɗage tsumma in kewaye. Wani lokaci kewa ta kan hana ni ƙarasawa.

Duk tsawon zamansu ban taɓa ganin sun riƙe hannun juna ba, kunya ba ta bari. Yanzu ga yatsanta ga gurbin hannunsa, ko taƙi guda babu a tsakaninsu.