Siffar da Na Ɗaura a Juye

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isufu, mai koyar da lissafi a kwalejin Ƙonni, Allah ya jiƙansa. Na fara ganinsa ne a kasuwar Illela, tsugune gaban mai magarya, yana zaɓen ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya yana gwada girmansu. Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, na ce a raina wata mai sa'a yake zaɓa wa. Sai bayan aurenmu na gane magaryar ba ta ci ba ce.

Wani abokin karatunsa da ke Turai kan aiko masa takardu cike da lambobi. Ya bayyana mini cewa furotin, abin da ke gina jikin mutum, ƙwayoyinsa sun fi ƙarfin ido, amma masana na iya auna tazarar da ke tsakanin wannan ƙwaya da waccan. Aikinsa shi ne ya fito da siffar daga tazarar kaɗai. In ka san nisan Ƙonni da Malbaza, da na kowannensu zuwa Illela, in ji shi, ai ka zana su a takarda ba ka taka ko'ina ba. Da hannu yake ɗaura siffar: magarya ce ƙwaya, tsinken karan gero kuma tazara.

Yana kwance cikin ciwon ajali akuyarmu ta shiga ɗaki ta cinye aikin wata huɗu. Ban faɗa masa ba. Na ɗauki takardarsa da ma'auni, na yanka kara na sake ɗaurawa, kowane tsinke daidai da lambarsa. Da na kai masa, ya daɗe yana kallo.

"Hadiza, wanga a juye yake," ya ce, ya lumshe ido. Bayan kwana uku ya cika.

Shekaru na yi ina ɗauke da maganar nan kamar dutse. Na ɓata aikinsa na ƙarshe, kuma ya tafi da sanin haka.

Bara ɗiyarmu Zainabu ta gama jami'a a Yamai, na buɗe mata cikina. Dariya ta yi har da hawaye. Ta haɗa tafukana biyu ta ce in duba: nisan babban yatsa da ƙaramin ɗaya ne a dama da hagu, amma dama ba ta zama hagu. Tazara kaɗai ba ta rarrabe su. Ko na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke wannan aiki yau takan fito da siffar a juye, sai a juyo ta.

"Inna, in juyin kawai ya gani, to awonki duka daidai ne. Yabonki Baba ya yi, ke ce ba ki san bakin malaman lissafi ba."

Lallai rashin sani ya fi dare duhu. Da yana nan ya ga na'ura tana gama aikin damina guda kafin azahar, ba na jin zai yi kishi. Kujera zai jawo kusa da ita, ya nemi sanin ta ina ta fara.

Bai bar gona ba, bai bar suna a littafi ba. Zainabu tana koyar da lissafi a Malbaza yanzu, iyaye kuma suna kawo mini ƙararta: wai ba ta taɓa ce wa yaro ya yi daidai, sai dai ta nuna masa wuri ɗaya da ya rage. Nakan ba su haƙuri, in ce su gode wa Allah in wuri ɗaya ne.