Muttaka Mai Hoto da Lambar da Ya Rubuta

Da hantsi Malam Muttaka yake buɗe shagonsa da ke bayan tasha a Talata Mafara. In mun gama gaisawa sai ya duba batirin sola, ya ɗauko farin ƙyalle ya goge gilashin sikana, na'urar nan da ke kwafe hoton takarda ta shigar da shi kwamfuta. Ni tela ne, shagona yana jikin nasa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Shekara talatin yana ɗaukar hoton biki da suna. Amma tun da hanyoyinmu suka lalace da 'yan bindiga, aikinsa ya sauya. Yanzu masu zuwa wurinsa daga ƙauyukan Maradun da Bakura ba ado suke yi ba. Tsohon hoto suke kwancewa daga bakin zane, su ce a sa musu a waya, domin wanda ke cikin hoton ya fita bai dawo ba.

Daminar bara wata mata mai suna Taibatu ta zo daga wani ƙauye kusa da Janbako. Mijinta Giɗaɗo makiyayi ne, ya tafi cin kasuwa, mako uku babu labari, mutanen ƙauyen kuma sun watse. Hotonsa ɗaya ne a duniya, ruwa ya shiga firam ɗin, takardar ta manne da gilashi. Ta kai hannu za ta ɓamɓare.

"Kada ki taɓa, baiwar Allah," in ji Muttaka. "In kin ja, fuskar za ta bi gilashin."

Sikana ba ta yi ba, sai ya fita da hoton inuwar zaure inda haske ba ya ƙyalli, ya daidaita wayarsa a kan hoton, ya yi ta ɗauka har ya samu wanda zanen goshin Giɗaɗo ya fito sosai. Ya tura cikin kwamfuta, ya share tabon ruwa. Da aka zo rubuta lambar da za a kira in an ga Giɗaɗo, Taibatu ta fara karanto tata.

"A'a, tawa za mu sa," ya ce. "Ba duk mai kira ne mai taimako ba."

Kai ne ka san abin da kake ɗaukar wa kanka a ranar, Malam, ka kuma rubuta lambarka.

Hoton ya bazu a wayoyin direbobi da 'yan kasuwa. Kwana huɗu bayan haka, da la'asar, wasu mutum biyu suka tsayar da babur a ƙofar shagon. Ba su kashe injin ba. Ɗaya ya shiga, ɗayan ya tsaya yana kallon titi, hannunsa cikin riga. Gaisuwarsu ba ta wuce kalma biyu ba. Na ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki.

Na ciki ya nuna waya. "Kai ka yi wanga hoto?"

"Ni na yi."

"Matar da ta kawo shi, ina ta sauka?"

"Masu kawo hoto suna da yawa."

"Buɗe kwamfutarka mu duba. Mu danginta ne."

Muttaka ya san inda Taibatu take, domin a gidan ƙanwarsa Hafiza ya sauke ta. Bai buɗe kwamfutar ba. Ya ce, "In ku danginta ne, ku bar lambarku, in ta zo sai ta kira ku. Abin da ke cikin kwamfutar nan amanar mutane ne."

Mutumin ya mayar da wayarsa aljihu. Sannan ya ce, "Mun san shagon," ya fita. Har yau ba mu san ko su wane ne ba. Taibatu dai da aka siffanta mata su ta ce ba ta da dangi irin waɗannan.

Na ba shi shawara ya rufe na wata ɗaya. Ya ce shi ma tsoro yake ji, abinci ma ba ya shigarsa, amma in ya rufe, mai sabon hoto wa zai kai wa? Washegari ya buɗe. Duk babur da ya rage gudu a ƙofa, sai in ga ya ɗago kai. Haka muka yi kwana tara.

A rana ta goma wani direba mai suna Sadi ya kira. Ya ce akwai wani mutum da aka tsinta a bakin hanya, yana kwance a wani asibiti, zazzaɓi ya hana shi magana, kuma zanen goshinsa irin na hoton ne. Giɗaɗo ne. Ya rame har Taibatu ta wuce gadonsa sau ɗaya kafin ta gane shi. Yana raye, yanzu yana aikin albasa a fadamar Bakolori.

Ba duk hoton da Muttaka ya sa a waya ne ya dawo da mai shi ba. Da yawa abin da ya rage wa iyali ke nan, fuskar da marayu za su riƙa dubawa.

A watan nan zai ajiye aiki, idanunsa sun gaza. Muttaka ɗan amana, kai ne ka tsaya tsakanin matar da ba ka sani ba da mutanen da kake tsoro. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya tsare maka iyalinka.

Ku kuma masu waya a hannu, ku je ya nuna muku yadda ake yi kafin ƙarshen wata. Ku fito da hotunan gidanku daga akwati tun masu su suna zaune tare da ku.